Guɗa Cikin Takaba

A Gangara har yau in aka ambaci Kulu sai wani ya ce, wadda ta yi guɗa tana takaba? Ni ce. Na yi, da rana na yi, unguwa duka ta ji. Dalilin ne ba a faɗi, shi ya sa zan faɗe shi yadda ya faru.

Mijina Sahabi mai goge ne, kuma koya wa yara goge shi ne aikinsa har ya koma ga Allah. Ba gadon gidansu ba ne. Ubansa manomi ne a Ollelewa, gero da gyaɗa. An sa shi lakwal, makarantar boko, ya yi ƴan shekaru ya gudo. Yana saurayi ubansa kan aike shi arewa da gero bisa jakai, wajen rijiyoyin Belbeji, ya musanyo cuku da awaki. A can ya ji wata tsohuwar Buzuwa mai suna Safiyatu tana kiɗa irin gogensu na mata. Ya ce mini ya tsaya saurare har awakin mutane suka huda buhu suka ci geron ubansa.

A wajensu namiji ba ya taɓa wannan abin kiɗa. Ta ce ba za ta ɗora masa shi a cinya ba ko zai shekara yana roƙo. Amma ba ta kore shi ba. Sai ya zauna a waje, ita tana cikin bukka, ta rera masa da baki, shi ma ya mayar mata da baki. In ya kauce sai ta jefo masa busasshen kashin raƙumi. Haka ya yi ta zuwa rani bayan rani. Daga baya ya sami wani tsoho a Tanut ya nuna masa haɗa goge irin namu, ƙwarya da fatar guza da tsagiya ta wutsiyar doki, ya zauna ya juye duk abin da ke bakinsa cikin yatsunsa.

Ya yi kiɗan biki a Damagaram, har aka kai shi Yamai ya koyar a wata makarantar kiɗa. Can ya ga gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a haɓa. Ya yaba shi ƙwarai. Ya ce a wurin malaman can ya koyi gutsura wa yaro kiɗa loma-loma, ba a cusa masa duka lokaci guda ba. Bai daɗe ba ya dawo. In aka tambaye shi sai ya ce danshin kogi ne ya saki fatar gogensa. Gaskiya kuwa uwarsa ce ta kwanta ciwo. A wannan dawowar ya aure ni, muka zauna Gangara.

Makarantarsa gindin aduwar da ke bayan gidanmu ce. Ba ya karɓar yaron da aka kawo masa. Shi ke fita nema, ran kasuwa ko bakin rijiya, yana tafe kamar mai neman ɓatacciyar akuya, alhali saurare yake yi. Yaron da ya ji yana kwaikwayon wani sauti daidai, shi zai bi har gidansu. Da yawa sun bi ta hannunsa. Wasu suna Damagaram, wasu sun tsallaka Najeriya, wasu sun ajiye sun kama noma.

Dado ce ta ƙarshe. Ƴar Fulani ce, ƴar wani makiyayi Haris da ke saukar da shanunsa a gonakin Gangara bayan girbi. Maigida ya ji ta a rijiya tana kwaikwayon kukan icen da igiyar guga ke gogawa, har jakin da ke ja ya tsaya yana waige. Ya dawo gida ya ce mini, “Kulu, yau na tsinci kunne.” Duk rani takan zo, ta kawo nono, ta zauna gindin aduwa. Da damina su yi arewa, don in aka yi shuka ba a barin shanu kusa da gona.

Akwai kiɗa ɗaya da bai taɓa yi a biki ba, bai kuma koya wa kowa ba. Shi ne na ƙarshen da tsohuwar ta ba shi. Yana ce masa Kiran Taguwa. Raƙuma ce ɗanta ya ɓace, tana kewaye tana kira, kiran yana tsawo, yana gajiya, can ƙarshe ta hango shi. A ɗaki yake yi mini shi. Ɗa ɗaya muka samu, ya rasu ana gab da yaye shi, tun daga nan duk shekara in hadari ya fara haɗuwa sai ya ɗauko goge ya yi mini daga farko har ƙarshe. In ya gama in tashi in ɗora tukunya.

A raninsa na ƙarshe ya ce Dado ta isa. Ya fara ba ta. Sun kai tsakiya, inda raƙumar ke fara gajiya, ciwon ƙirji ya kama shi. Muka kai shi likita a Tanut, muka dawo da shi, cikin zafin bazara ya cika.

Na shiga takaba. Yayarsa, Yaya Habsu, ta zo daga Ollelewa da tabarmarta da butarta don ta zauna da ni. Mace ce mai tsare ƙa'ida, ba muguwa ba. Ba kitso, ba lalle, ba fita, ba ɗaga murya. Ko tari na yi da ƙarfi sai ta dube ni.

Dado ba ta daina kawo nono ba. In ta ajiye ƙwarya sai ta zagaya gindin aduwa, zana ce kawai tsakaninmu, ta ɗauko ɗan gogen da suka haɗa tare da maigida, ta kama Kiran Taguwa a hankali. Kullum wuri ɗaya take tsayawa. Ita ta tsaya, ni kuma sauran ya ci gaba da tafiya a kaina. Wata safiya na bi shi a raina, sai na iske wani yanki babu. Na nema na rasa. Sai wajen la'asar ina wanke tukunya ya dawo. Ranar na tsorata fiye da ranar da aka fita da gawarsa, don na gane babu wanda ya rage da shi sai ni, ni kuma kaina ya fara yoyo.

Da ta zo washegari na tambaye ta ta cikin zana, “Dado, yaushe za ku tashi?”

“Baffa ya ce da ruwan farko, Inna.”

“Baɗi kuna dawowa?”

Ta ce, “Ya ce gonaki sun cinye burtali. Wataƙila mu tsaya can.”

Takabata ba za ta ƙare ba sai gero ya yi kai. Gabas kuwa ta riga ta fara baƙi da yamma.

Na sami Yaya Habsu tana jan carbi na ce, “Yaya, zan ba yarinyar nan sauran kiɗan ƙanenki.”

“Da wane hannu? Kin taɓa riƙe goge?”

“Da baki. Shi ma da baki aka ba shi.”

“Waƙa za ki yi kina takaba?”

“Ba kalma a ciki.”

“To kukan jaki ma ba kalma a ciki, amma har kasuwa ake jinsa.” Ta gyara zama. “Kulu, ki ji tsoron bakin mutane. Kabarinsa bai ga ruwa ba tukuna. Ki bari ki fita, ki yi ta rerawa har haƙoranki su zube.”

“In na fita wa zan rera wa? Aduwa?”

“Sai ya ɓace ɗin. Mai shi ma ya tafi.”

“Shi Allah ya ɗauka. Wannan kuwa in ya ɓace ni na zubar.”

Ba ta ce e ba. Ni ma ban jira ba. Na jawo buhun gyaɗar iri kusa da zana na zauna ina ɓara, bakina a rufe, ina rerawa ta hanci. Dado na waje tana mayar mini da goge. In ta kauce in buga zana da ƙwanso. Yaya Habsu ta juya mana baya har azahar. Da ta sallame salla ta ce, ba ta dube ni ba, “Muddin bakinki na rufe, muddin bai wuce zanar nan ba, ni ban ji komai ba. Tsufa ya taɓa mini kunne.”

Haka muka yi ta yi. Yarinyar tana da kunne, kamar yadda ya ce. Abin da na ba ta da safe, kafin rana ta yi zafi ya zauna a yatsunta. Wani lokaci ma ita ke tsayar da ni, ta ce, “Inna, jiya ba haka kika ce ba,” in koma baya in ga ita ke da gaskiya. Yaya Habsu mai ciwon kunne ta taɓa cewa daga inda take, “Wannan wurin kun yi sauri,” sannan ta ja bakinta ta rufe.

Har muka kawo ƙarshe, inda raƙumar ke hango ɗanta. A nan kiɗan yake tashi sama, can ƙololuwa, ya yi rawa a wurin kafin ya sauko. Muryata ba ta kai ba. Na gwada da baki rufe, ta karye. Na gwada da ƴar siririyar murya, ta fito kamar kyanwa. Dado ta ɗora yatsa nan, na ce a'a, sama. Ta matsa, na ce ba haka yake karkarwa ba. Ta ce, “Yaya yake yi?” Ina jinsa sarai a kaina, amma ba hanyar da zai bi ya fito. Muka kwana biyu a wurin nan.

Ran nan da la'asar ruwa ya sauka, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Da gari ya waye kowa ya ɗauki sungumi ya nufi gona. Dado ta zo ba nono a hannunta. Ta ce an fara kwance bukkoki.

Ta zauna, ta shafa ƙaro a izgar da take goga tsagiya da ita, ta kama daga farko. Ina bin ta. Da ta kusa wurin sai na ji a jikina inda sautin yake zaune. Duk macen ƙasarmu ta Damargu ta san wurin nan a maƙogwaronta. Wurin guɗa ne. Tsayinsa ɗaya, karkarwarsa ɗaya. Na dubi Yaya Habsu, tana tsince wake. Na san abin da guɗa take nufi a gidan da aka yi mutuwa. Ba mantawa na yi ba.

Na ce, “Dado, saurara da kyau.”

Na kama hancina na rangaɗa ta.

Tiren wake ya kife. Kaji suka watse. A bayan zana na ji yatsan yarinyar yana hawa, yana lalube, sai ga shi ya dira daidai wurin, tsagiya ta yi karkarwar da na sani. Tun da aka binne shi ban yi kuka mai sauti ba sai lokacin.

Kafin in share ido gidan ya cika. Matan maƙwabta suka shigo, wasu da ludayi a hannu, suna tambaya wa ya haihu. Da suka ga ni ce sai suka ja da baya. Wata ta ce a hankali, amma don in ji, “Ashe dama jira take yi.” Aka aika gona aka kira Mato, ƙanen maigida. Ya zo da laka har gwiwa, ya tsaya a ƙofar ɗaki, ni ina ciki bayan asabari. Da can abokin wasana ne, ba ya shigowa gidan bai tsokane ni ba. Ranar ko gaisuwa bai yi ba.

Yaya Habsu ce ta tashi ta tsaya tsakanina da mutane. Ta ce, “Ku yi mata addu'a. Iska ce ta buge ta. Ina zaune na ga idonta ya juye. Mai takaba jikinta a buɗe yake, kowa ya sani.”

Nan take fuskoki suka saki. Wata ta ce a kawo hayaƙi, wata ta ce a kira malam ya yi tofi. Mato ya sauke numfashi ya ce, “To, Allah ya sawwaƙe. Dama na ce matar yaya ba za ta yi haka da hankalinta ba.” Yaya Habsu ta leƙo bayan asabari ta ƙura mini ido. Ƙofa ta buɗe mini, kuma don Allah ta yi. In na yi shiru kawai, shi ke nan, ni abar tausayi ce, ba abar zagi ba.

Ina cikin wannan sai na ji sallamar namiji a zaure. Haris ne, ya biyo ƴarsa don jakai sun riga sun ɗauki kaya. Ya ji abin da ake faɗi. Ya nemi iso, ya tsaya nesa da ƙofa da sandarsa a kafaɗa, ya yi mini gaisuwar rashi, sannan ya ce, “Inna, tambaya ɗaya gare ni. Ranar da na ba marigayi yarinyar nan, abu ɗaya na ce masa, ban da kiɗan bori. Ya ce ya ji. Yanzu ina jin ana cewa iska ta hau ki a kan kiɗan da kike ba ta. In haka ne, ba na faɗa da kowa, amma gogen nan a nan zai kwana, ita kuma ba ta ƙara taɓa shi.”

Dado na tsaye a gefensa, ta rungume gogen a ƙirji.

Yaya Habsu ta ce, “Malam Haris, ka bar mara lafiya ta huta.”

Na ce, “Lafiyata lau.”

“Kulu,” in ji Mato.

“Ba iskar da ta taɓa ni. Idona bai juye ba, Yaya ta faɗa ne don ta rufa mini asiri, Allah ya saka mata. Da hankalina na yi guɗa. Kiɗan mijina ne, ƙarshensa yana sama inda muryata ba ta kai, guɗa kaɗai ke kaiwa, yarinyar kuma yau za ta tafi. Wanda ya ce murna nake yi, ya zo ya zauna a ɗakin nan ya ga irin murnar.”

Mato ya ce, “Kin san abin da kike jawo wa kanki? Ki ce ba ki sani ba mana. Kalma ɗaya ce.”

“Na sani, Mato. Kai ma ka san na sani.”

Yaya Habsu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “In kika tsaya a kan wannan, ba zan iya zama ba. Ranar fitarki ba mai zuwa daga Ollelewa. Ba mai kawo miki zane, ba mai yi miki kitso.”

“Na ji, Yaya.”

Haka kuwa aka yi. Ranar fitata maƙwabciya ɗaya ce ta zo ta kama mini kai, ita ma ta ƙofar baya. Har yau akwai gidajen da ba a kirana suna ko biki.

A ranar guɗar dai, Haris ya dubi ƴarsa ya yi mata magana da Fulatanci. Ta zauna a ƙasa cikin laka, gaban mutane duka, ta kama daga farko. Matan da suka zo zagi ba wadda ta fita. Da ta kai ƙarshe ta hau, ta ɗan zame kaɗan, ta kamo.

Haris ya sauke sandarsa ya dogara a kai. Ya ce, “Wannan ai raƙuma ce. Na taɓa jin irinta a Tadres, ɗanta ya bi wani garke.” Ya juya wajen Mato. “Ba bori a nan, dabba ce ke neman ɗanta.” Sannan ya ce da Dado, “Shanu sun yi gaba da yayyenki. In an yi azahar ki same ni bakin rijiya, da abin naki.”

Mutane suka fara zarewa ɗaya-ɗaya. Mato ya ɗauki sunguminsa ya koma gona. Yaya Habsu ta shiga ɗaki tana naɗe tabarma, tana haɗa ƴan kayanta a ƙulli, ba ta yi mini magana ba, ni ma ban roƙe ta ba.

Dado ta matso jikin asabari ta ce, “Inna, na zame a wurin hawan.”

“Na ji.”

“Ban riƙe shi sosai ba. In na tafi haka zai gudu.”

Na leƙa waje. Rana ba ta kai tsaka ba, akwai sauran mata biyu a bakin zaure suna jiran abin da za su kai gaba.

Na ce, “Ƙara ƙaro, ki koma daga inda ta gaji.”

Ta koma. Da ta iso wurin na kama hancina na sake yi.